Inda Ake Hana Alkama Ruwa da Gangan

Tun da na dawo daga Habasha ban cika zama a majalisarmu ta bakin kasuwar Bakori ba tare da wani ya ce in ba shi labari ba. Wani jirgi yake tambaya, wani abinci, mai shayinmu kuwa abin da ya dame shi ko da gaske ne suna cin ɗanyen nama. Na gaji da ba da shi guntu-guntu, shi ya sa na ce bari in ɗauko shi daga tushe, kowa ya ɗebi abin da yake so.

Sunana Hamisu. Ni da yayana Garba muke noma gonar da muka gada a bakin fadama. Da damina masara da dawa, da rani alkama, haka muka taso muka ga mahaifinmu yana yi. To amma shekarun nan sanyi ya daina zama. Alkama tana son sanyi a lokacin da take zuba ƙwaya, sai ga zafi ya sauko tun ba ta cika ba. Ka murza zangarniya a tafin hannu, ka hura, abin da zai rage maka 'yan ƙwayoyi ne a motse. Ruwan rijiyoyin fadama ma yakan ja da baya tun ba a gama ban ruwa ba. Yaya Garba ya ce shi ya gaji, daga wannan shekarar an gama, baɗi tumatir da albasa za a sa. Shi ne babba, kuma ba ƙarya ya faɗa ba.

Ana cikin haka Malama Rifkatu ta zo. Malamar gona ce daga Malumfashi, ita ke zagaya ƙungiyarmu ta manoman rani. Ta ce akwai wani shiri da zai kai manomi ɗaya da malamin gona ɗaya su ga inda ake fitar da irin alkama mai jure zafi da ƙarancin ruwa, kuma sunana ta bayar. Na tambaye ta dalili, ta ce don na fi kowa damun ta da tambaya, gara in je in dami masu abin. Da na gaya wa Yaya, bai ɗago daga gyaran injin ban ruwa ba ya ce, "Ka je. In ka dawo da irin, mu shuka. In ba ka dawo da shi ba, kada ka ƙara yi mini maganar alkama." Saboda haka na sayi sabon buhu, na ninke shi na cusa a ƙasan jaka ban gaya wa kowa ba.

A tashar Malumfashi na tarar da Malama da maigidanta, wani dattijo mai fara'a wanda ya yi ritaya daga koyarwa. Na ɗauka zai ce mini ga amanar iyalinsa, sai ya juya ya ce mata ta kula da ni kada in ɓace. Muka bi ta Dayi da Gwarzo muka shiga Kano. Jirgi dai ba ni da abin faɗa da yawa a kansa. Kunnuwana sun toshe, an kawo abinci a ɗan faranti wanda ko ɗan yaye ba zai ƙosar ba, Malama kuwa tun kafin mu tashi ta yi barci ta bar ni da addu'o'ina.

A filin jirgin Addis Ababa ne aka fara. Bayan an duba fasfo da katin rigakafi, wani jami'i ya buɗe jakata. Uwargidana Saude ta ɗaure mini yaji da ƙuli-ƙuli da ɗanyar gyaɗa da garin kuka, wai ko zan rasa abin ci. Jami'in ya ɗaga ledar kukar yana juya ta, ya kira abokinsa, su biyu suka tsaya suna kallon koren gari suna kallona. Turancina ɗan kaɗan ne, a ranar kuma ya gudu gaba ɗaya, ba abin da nake cewa sai miya, miya. Malama ta yi musu bayani cewa ganyen bishiya ne. Don in tabbatar musu na lasa, shi ma ya dangwala ya lasa, ya yamutsa fuska, ya mayar mini yana dariya. Gyaɗar ce ya ƙi sakewa. Ya ce duk abin da za a iya shukawa ba ya shiga ƙasarsu sai da izini. Yana ƙara laluba sai ya zaro buhuna. Malama ta tambaye ni na mene ne, na gaya mata gaskiya. Ta ce, "Malam Hamisu, ka ga yadda suka yi da gyaɗarka? Haka jami'anmu za su yi da alkamarsu." A raina na ce in mun je inda irin yake za a san yadda za a yi.

Garin a kan tudu yake, sanyinsa irin mai shiga ƙashi, kuma in ka hau bene ɗaya sai ka tsaya kana haki kamar ka yi gudu. Ɗakin da aka ba ni babu fanka, sai barguna a jibge. Na nemi buta na rasa, na yi wa ma'aikacin masaukin kwatance da hannu, ya tafi da sauri ya dawo mini da butar dafa shayi mai waya. Da robar ruwa na ƙare alwala har muka bar ƙasar.

Direban da zai kai mu gonar binciken sunansa Kadir, Musulmi ne, da guntun Larabcinsa da guntun nawa muka riƙa lallaɓawa. Ya ce gobe zai zo ƙarfe biyu, har ya ɗaga yatsu biyu don kada in yi kuskure. Na ce madalla, ina da lokaci. Da safe na wanke kayana na shanya a taga, na koma cikin bargo. Ban daɗe ba sai ga bugun ƙofa, Kadir ne da Malama a shirye. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe biyunsu shi ne takwas ɗinmu na safe. A nan buhuna ya fara amfani, don a ciki na zuba jiƙaƙƙun kaya. A hanya na yi ta juya abin a raina, na ga ai nasu ya fi dacewa da manomi, tunda mu ma daga fitowar rana aikinmu ke farawa. Shekararsu ma tana bayan tamu da bakwai ko takwas. Malama ta ce in haka ne ita a nan za ta zauna, ta koma yarinya.

Hanya gangara ce zalla. Muna tafiya muna tuɓe rigunan sanyi ɗaya bayan ɗaya, manyan motoci jere da juna sun nufi bakin teku, birai manya zaune a gefen titi suna jiran a jefa musu abu. Can ƙasa muka fara ganin makiyaya da raƙuma. In ka hango su sai ka rantse Fulaninmu ne, sirara, sanda a kafaɗa, sai dai su wuƙa mai lanƙwasa suke ɗaurawa a ƙugu, kuma suna shafa wa gashinsu man shanu. Mun tsaya salla a wani ƙaramin masallaci, bayan sallama wani ya kama hannuna ya buga kafaɗarsa a tawa. Na ɗauka ture ni yake yi, ashe gaisuwa ce.

A wajen cin abinci aka kawo babban tire an shimfiɗa wani abu a kai, faɗinsa ya fi faifai, an ɗiɗɗiga miya kala-kala a samansa. Kamar sinasir yake, amma launin toka, da tsami irin na kamu da ya kwana biyu. Da wani hatsi ake yin sa wanda ƙwayarsa ta fi ta acca ƙanƙanta. Ina cikin koyon yadda ake yagowa a dangwala, sai Kadir ya naɗo loma ya nufo bakina da ita. Na ja da baya. A wajenmu yaro ake ba abinci a baki, ko majinyaci. Ya tsaya da hannunsa a sama, fuskarsa ta canza, Malama ta ce mini da Hausa in buɗe baki, girmamawa ce. Na buɗe. Lomar ta yi girma har na kasa magana, kuma aka ce dole in rama masa. Ɗanyen naman kuwa gaskiya ne, na gani da idona ana yanka shi ana dangwala yaji, amma ban ci ba. Wani abin da ya ba Malama mamaki shi ne Kirista da Musulmi kowa da mahaucinsa, ba sa cin yankan juna. Ta ce ita tun tasowarta a Malumfashi wajen mahautan kasuwa take sayen nama, ba ta taɓa tambayar komai ba sai farashi.

Gonar binciken tana wani kwari mai zafi irin na tsakiyar bazara. Wadda ta tarbe mu Dakta Almaz ce, gajeriyar mace da furfura ta fara fito mata, da malafa da takalmin roba, ita ce mai fitar da irin. Ban taɓa ganin gona irin wannan ba. An yanka ta ƙanana-ƙanana, kowane fangali bai fi tabarma ba, kowanne da ɗan turke a gabansa. Wata alkamar kore shar, wata ta kusa nuna, wata kuma a gefe guda tana mutuwa.

Washegari da sassafe na fita zagaya ni kaɗai, na isa wannan gefen. Ƙasa ta tsattsage, ganye ya nannaɗe, ga kuma ruwa yana wucewa a magudana taku biyu daga wurin. Na ce lallai mai ban ruwa ya yi mantuwa. Akwai fartanya a jingine, na ɗauka na fara buɗe bakin fangali. Ruwa ya soma shiga ke nan na ji ihu, mai gadi ya taho a guje, Dakta na biye da shi malafarta a hannu. Ta faɗa cikin taɓo ta toshe da hannuwanta. Sai da Malama ta iso aka fahimtar da ni cewa da gangan aka hana su ruwa, kuma da gangan aka shuka su a makare don zafi ya same su suna fure.

Dakta ta ce, Malama na fassarawa, "In na ba su ruwa duka, duka za su yi kyau. Ta yaya zan san wadda za ta tsaya maka ranar da rijiyarka ta ƙafe?"

Kunya ta kama ni, don fangalin da na jiƙa dole aka cire shi daga gwajin bana. Na ba da haƙuri. Ta wanke hannu ta ce mahaifinta ma manomi ne, ta daina kawo shi nan saboda ba ya iya wuce wurin sai ya yi mata faɗa. Duk da haka, daga ranar duk inda na nufa sai in ga mai gadin yana bi na daga nesa, kuma ban sake ganin fartanya a jingine ba.

Abin da na fi so a tafiyar shi ne ranar da aka nuna mana yadda ake haɗa iri. A ƙarƙashin wata rumfa ta raga aka zaunar da mu, aka ba kowa matsefata irin ta cire ƙaya. Ashe kowane ɗan furen alkama da namijinsa da macensa a ciki, ita ke yi wa kanta barbara. In ana son a haɗa ta da wata, sai a buɗe furen tun yana ɗanye a zare 'yan abubuwa uku da ke ɗauke da garin namijin, a rufe zangarniyar da ambulan, bayan 'yan kwanaki a kawo garin wata alkamar a kaɗa mata. Wadda muka yi aiki a kanta mai yawan ƙwaya ce amma ba ta son zafi. Wadda za a haɗa ta da ita asalinta daga Sudan, gajeriya, ba ta da auki, amma ko a jikinta in rana ta buɗe. Na tambaya ko 'ya'yan duk sukan ɗauko halin kirkin iyayen biyu. Dakta ta yi dariya ta tambaye ni ko nawa 'ya'yan haka suka yi. Ta ce yawanci sukan ɗauko abin da ba a so, sai a yi ta shukawa ana zubarwa, shekara bayan shekara, kafin a sami wadda ta zauna a kan hali ɗaya. Abin kan kai shekara goma.

Yatsuna sun saba da fartanya, ba su saba da wannan ba. Zangarniya uku na karya kafin a karɓe matsefatar a hankali a ba ni riƙon ambulan. Na kuma yi tambayar da mutanenmu suka aiko ni da ita, ko wannan shi ne irin da ake cewa in ka shuka sau ɗaya ba ya sake fitowa. Ta ce a'a, wannan ka girbe ka ajiye ka shuka, jikokinka ma su shuka.

Daga nan aka ba mu tsummoki masu launi, aka ce kowa ya shiga gona ya ɗaura a kan wadda ta kwanta masa. Ni na zaɓi wata doguwa mai manyan zangarnu, na ce ga ƙwaya ga kara na shanu. Malama ta wuce ta ta je wajen wata gajeriya da ta riga saura nuna, ta murza ta zuba a baki ta yi ta tauna har ta zama danƙo. Ta ce masu alkaki da taliya da alkubus danƙo suke nema, in babu shi ba za su saya ba ko da buhu ɗari na noma. Na ce wannan 'yar guntuwar me za ta cika. Ta ce ai ta gama aikinta kafin zafi ya zo, tawa kuwa tana nan tana ado. Muka yi ta musu da Hausa a tsakiyar gona, Dakta na tsaye tana jin daɗi ko da ba ta jin ko kalma. Da aka fassara mata ta ce manomansu ma haka suke rabuwa, saboda haka kowa ya bar tsummansa inda ya ɗaura.

Ranar da za mu taso aka yi mana gahawa. Ba a gaggawa da ita a can. A gabanka za a soya, a daka, a dafa, ga turaren wuta, ga gugguru a faranti, kuma sai ka sha ƙaramin kofi uku kafin ka tashi. A kofi na biyu na yi ta maza na roƙi Dakta ko tiya ɗaya ce ta wadda na zaɓa. Ta ce ba zai yiwu ba. Iri yakan ɗauki cuta ya kai ta ƙasar da babu ita, kuma waɗannan ba a gama gwada su ba, wadda ta yi kyau a nan tana iya ba ni kunya a Bakori. Sai na gaya mata maganar Yaya Garba yadda ya faɗe ta. Malama ta fassara a hankali. Dakta ta daɗe tana juya kofinta, sannan ta ce abin da za ta iya shi ne ta aika waɗanda muka zaɓa da wasu zuwa ga masu bincikenmu na gida ta hanyar da doka ta yarda, ta kuma roƙa a yi gwaji ɗaya a gonata.

"Ba a buhu za su zo ba," in ji ta, "a ambulan za su zo. Kuma sai ka yarda yawancinsu su mutu a gabanka."

Na ce na yarda, ko da yake a lokacin ban ji daɗi ba. Har muka hau jirgi ina tunanin abin da zan faɗa a gida.

Yaya na zaune a ƙofar gida na iso. Bayan gaisuwa ya dubi jakata ya ce ina irin. Na ba shi gahawa da farin mayafin da na sayo wa iyalinsa, na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, ya yi godiyar tsaraba. Da rani ya zagayo ya sa tumatir da albasa a fadamar gaba ɗaya. Na roƙe shi wani lungu can ƙarshen gona inda ruwa ke isa da ƙyar, ya ce in ɗauka, dama ba ya ba da komai.

Ambulan ɗin sun zo, Malama ta kawo su tare da masu bincike biyu daga Zariya. Muka shuka layi-layi, a makare, muka riƙa ba su ruwa kaɗan kamar yadda aka tsara. Masu wucewa suna tsayawa su leƙa, har aka fara cewa Hamisu ya hau jirgi ya je ya koyo kashe alkama. Da zafi ya sauko na ga abin da aka gaya mini. Layi bayan layi suka bushe, doguwar da na ɗaura wa tsumma tana cikin na farko. Akwai ranar da na zauna a bakin lungun da bokitin ruwa a hannu, na daɗe kafin in mayar da shi ban zuba ba. Uku suka tsaya har suka cika ƙwaya. Ɗaya ta Malama ce, kuma ba ta bar ni na manta ba. Sauran biyun ko kallonsu ba mu yi ba a can.

Masu binciken suka auna suka ɗebi nasu, suka bar mini abin da bai cika ƙaramin kwano ba. Saude ta ce a daka kaɗan ta yi fankasau mu ji ko abin da na sha wa rana yana da daɗi, ni ma ina son in sani, na ce ta yi. Ta ɗauko turmi ke nan sai ga sallamar Yaya Garba. A sanina bai taɓa taka lungun nan ba tun da aka shuka. Ya tsuguna ya ɗebi alkamar a tafin hannu, ya matsa da ita wajen haske, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gatsa. Ya tambaya ko ta lungun ce, na ce ita ce. Ya ce wadda ke layi na biyu daga gindin bishiyar kargo, ko ta kusa da ita? Ashe yana zagayawa ban sani ba.

Bai jira amsata ba, ya mayar da ta hannunsa cikin kwano a hankali, har da wadda ta maƙale tsakanin yatsunsa.

"Saude, mai da turmin nan," ya ce. "Wannan ba ta ci ba ce."

Ya ce baɗi a sa ta kusa da rijiya. Na ce masa ai a lungun ake son ta, inda za ta sha wuya. Ya yi ɗan tunani ya ce to a raba biyu. Ya ɗauki kwanon ya tafi da shi ɗakinsa, wai a wajena ɓeraye sun yi yawa. Masu tambayata ko alkamar Habasha tana da daɗi, ku yi haƙuri, har yau ban ɗanɗana ba.